Darasi na 7: Masanin Zamantakewa a Sahun Masu Neman Haƙƙi

Da yawa daga cikinku an taɓa zuwa ƙofar gidanku da takardar tambayoyi. Baƙo ya yi sallama, wani lokaci da ɗan rakiya daga gidan mai unguwa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya fara: Mutum nawa ne a gidan nan? Buhu nawa aka samu bana? Ina kuke ɗebo ruwa? Ya cike takardarsa, ya yi godiya, ya hau mota. Daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa. Abin da aka gaya masa ya tafi wani ofis ko wata jami'a, ya zama rahoto cikin harshen da masu amsar ba sa ji.

Ilimin zamantakewa shi ne nazarin yadda mutane ke zaune da juna: wa ke da gona, wa ke yi masa ƙwadago, wa ke yanke hukunci, me ya sa wannan unguwa take da famfo waccan kuma sai rijiya. Mai irin wannan nazari yakan gano cewa wahalar wasu mutane tsari ne ya haife ta, kuma akwai masu cin moriyar tsarin. To idan ya gano, sai me? Ya rubuta ya ajiye a kanta? A darasin nan za mu duba wasu masana da suka ƙi tsayawa nan, suka kai iliminsu wurin manoma da ma'aikata da mazauna unguwanni masu fafutukar ƙwato haƙƙinsu. Za mu ga abin da suka tsinana, za mu kuma ga inda tafiyar ta yi musu gardama.

Du Bois da wasiƙar da bai kai ba

A shekarar 1896 Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta ɗauki wani matashi baƙar fata mai suna W.E.B. Du Bois, ta ce ya binciko halin da baƙaƙen fata ke ciki a birnin Filadelfiya. Manyan garin sun riga sun yanke hukunci a ransu cewa talauci da cuta da aikata laifi da ake gani a unguwar baƙaƙe daga halin mazaunanta ne. Du Bois, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard, ya kama ɗaki a cikin unguwar shi da matarsa. Ya bi gida-gida da ƙafa, gidaje wajen 2,500, yana tambayar sana'a da kuɗin haya da yawan masu kwana a ɗaki. Littafin da ya fitar a 1899 ya nuna cewa ko mutum ya iya sana'a, ko ya gama makaranta, in dai baƙi ne ba a cika ba shi wani aiki ba sai dako da aikatau, ga haya mai tsada a gidaje marasa kyau.

A lokacin Du Bois ya ɗauka jahilci ne ke sa a zalunci mutanensa, saboda haka idan aka baje wa jama'a hujja za su gyara. A watan Afrilu na 1899, yana koyarwa a birnin Atlanta, gungun fararen fata a jihar Jojiya suka kama wani ɗan ƙwadago baƙar fata, Sam Hose, da ake zargi da kashe ubangidansa. Du Bois ya zauna ya rubuta bayani cikin natsuwa a kan lamarin, ya ɗauka zai kai ofishin jarida. Yana kan hanya ya sami labarin an riga an ƙone Hose da ransa ba tare da shari'a ba, har ma an baje gaɓoɓin yatsunsa a wani kantin kayan abinci da ke kan titin da yake bi. Sai ya juya ya koma gida da takardarsa.

Bai bar bincike ba. Amma daga nan ya gane cewa hujja ba ta tafiya da ƙafarta, sai da jama'ar da za su ɗauke ta. A 1909 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata, ya kuma shafe shekaru fiye da 20 yana jan ragamar mujallarta. A ƙarshen rayuwarsa Kwame Nkrumah ya gayyace shi Ghana, a can ya rasu a watan Agusta na 1963, kabarinsa na Accra.

Takardun cikin adaka

Wanda ya fi zurfafa a wannan hanya shi ne Orlando Fals Borda na ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka. An haife shi a 1925, ya yi karatu a Amurka, ya dawo gida, a 1959 ya kafa tsangayar ilimin zamantakewa a babbar jami'ar ƙasarsu tare da wani limamin coci, Camilo Torres. Hanyarsu ta rabu daga baya: Torres ya shiga daji wurin masu ɗauke da makamai, aka kashe shi a 1966. Fals Borda bai ɗauki bindiga ba, amma shi ma ya bar jami'ar, shi da wasu abokansa suka kafa wata ƴar ƙungiyar bincike mai suna La Rosca.

A ƙasarsu rigimar fili ce uwar rigingimu. A yankin Córdoba da ke kusa da gaɓar teku, inda kogin Sinú ke ratsawa, ƴan tsirarun masu garken shanu sun kewaye ƙasa mai albarka da waya, talakawa kuwa sai aro ko ƙwadago. A 1967 gwamnati da kanta ta kafa wa ƙananan manoma ƙungiya mai suna ANUC don ta taimaka wajen rabon filaye. Da aka sami sabuwar gwamnati ta ja da baya, manoman suka ce ba za su ƙara jira ba. A 1971 suka shiga ɗaruruwan manyan gandaye, suka kafa bukkoki, suka fara shuka. A 1972 Fals Borda ya isa birnin Montería ya sa kansa a hidimar wannan ƙungiya.

Abin da ya bambanta aikinsa da na sauran masu bincike ya fara tun daga tambaya. Bai zo da jerin tambayoyin da ya tsara a babban birni ba. Shugabannin manoma ne suka faɗi abin da suke bukatar sani, babba a ciki kuwa shi ne: ƙasar nan ta wace ce tun asali, kuma yaya aka yi ta suɓuce? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin masani shi ne ya zo da dabarar bin diddigi.

Rumbun ajiyar takardu na gwamnati yawanci labarin masu fili yake ɗauke da shi. Sai masu binciken suka juya ga gidajen talakawa. Kusan kowane tsoho na da adaka a ƙarƙashin gado, a ciki akwai tsohon rasit, wasiƙa, hoton da ya koɗe, takardar sammaci, guntun jarida. Aka riƙa buɗe su ana karantawa tare da masu su, kowace takarda ta tuna wa mai ita wani labari. A cikin wannan bincike aka kai ga wata tsohuwa mai suna Juana Julia Guzmán, wadda aka haifa a 1892, tana zaune cikin talauci, matasa ba su san ko wace ce ba. Ashe ita ce tun wajen 1918 ta haɗa kai da wani Ba'italiye, Vicente Adamo, suka kafa ƙungiyoyin ma'aikata da na mata a Montería, suka yaƙi tsarin da ke ɗaure mutum yana wa mai gandu aiki saboda bashin da ba ya ƙarewa. Har sun taɓa kafa gonakin haɗin gwiwa, ciki har da wadda ke Lomagrande, kafin hukuma ta murƙushe su ta kori Adamo daga ƙasar. Tsohuwar ta dawo tana halartar taron manoma, tana ba jikokin sa'o'inta labarin yadda suka tsara nasu. Da manoman suka mamaye wani gandu mai suna La Antioqueña a 1972, sunan Adamo suka raɗa wa gonar haɗin gwiwar da suka kafa a wurin.

Sai batun mayar da ilimi ga masu shi, wanda Fals Borda ya ɗauka wajibi ne. Mafi yawan manoman ba su iya karatu ba, don haka rahoto mai shafi ɗari ba zai amfane su da komai ba. Aka nemo wani mai zane ɗan garin, Ulianov Chalarka. Yakan zauna a gefe da fensir yayin da tsofaffi ke ba da labari, yana zana abin da yake ji. In ya gama sai ya ɗaga takardar, su duba, su gyara masa inda ya kauce, wani ma ganin zanen ne zai tuno masa abin da ya manta. Daga nan aka buga ƙananan littattafai huɗu masu zane-zane tsakanin 1972 da 1974, ana karanta su da ƙarfi a taro, wanda bai iya baƙi ba yana bin hoto. Shugabannin ƙungiya aka yi musu rubutu mai ɗan zurfi, malaman jami'a kuma nasu daban. Bincike ɗaya ne, amma manomi ne ya fara ganinsa.

Kada a ɗauka abin ya ƙare da kiɗa da rawa. A 1972 gwamnati da manyan masu filaye suka ƙulla yarjejeniya a garin Chicoral wadda ta kashe shirin rabon filaye. ANUC ta dare gida biyu. Wasu ƴan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi suka zargi Fals Borda da zama ɗan leƙen asirin Amurka, saboda kuɗin aikinsa daga wani coci na can suke fitowa. Kafin tsakiyar shekarun 1970 aikin Córdoba ya tsaya. A 1979 hukuma ta kama shi da matarsa María Cristina Salazar, ita ma masaniyar zamantakewa, ta yi fiye da shekara a tsare.

Daga baya ya rubuta tarihin yankin cikin juzu'i huɗu, daga 1979 zuwa 1986, da wani tsari na daban: shafin hagu labari da muryar mutane, shafin dama sharhin masana. Wani masanin tarihi, Charles Bergquist, ya soki littafin da cewa ba ya nuna inda ya samo wasu bayanansa, kuma yakan haɗa maganar mutane da yawa a bakin mutum ɗaya, ya cike giɓi da hasashe. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Wanda zai shiga kotu a kan fili yana bukatar ya san wace magana ce ke da takarda a bayanta, wacce ce kuma aka ƙawata don ta ƙarfafa zuciya.

Juji a unguwar wa?

Misalin da ke tafe ya nuna ƙarfin ƙidaya tsagwaronta. A 1979 mazauna wata unguwa a birnin Houston na jihar Texas, akasarinsu baƙaƙen fata masu gidajen kansu, suka kai ƙara don hana wani kamfani buɗe katafaren juji kusa da makarantar sakandaren ƴaƴansu. Lauyarsu, Linda McKeever Bullard, tana bukatar hujjar cewa ba tsautsayi ne ya kawo jujin unguwar ba. Sai ta sa mijinta Robert Bullard, malamin ilimin zamantakewa, ya binciko inda birnin ke zubar da shararsa tun shekarun 1930.

Shi da ɗalibansa suka bi tsofaffin takardun hukuma, suka baje taswira ta takarda suna sa alama da hannu, suka zaga gari a mota. Houston shimfiɗaɗɗen gari ne, don haka ya gaya wa ɗaliban duk inda suka hango tudu su bincika, mai yiwuwa shara ce. Abin da suka samu: manyan jujin hukumar birni guda 5 duk a unguwannin baƙaƙe suke, haka 6 daga cikin wurare 8 na ƙona shara, alhali baƙaƙen fata kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na mutanen garin.

Mazauna unguwar sun faɗi a shari'ar. Kotu ta ce ba a tabbatar da cewa da gangan aka yi wariya ba, aka buɗe jujin. Sai dai dabarar ta bazu, unguwanni a wasu jihohi suka fara zana tasu taswirar, kuma a 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan umarnin da ya wajabta wa hukumomin tarayya duba yadda gurɓatar muhalli ke faɗawa kan talakawa da tsiraru.

Ranar da binciken bai yi wa ƙungiya daɗi ba

Akwai masu cewa duk masanin da ya ɗauki ɓangare ya zubar da amanar ilimi. Masu wannan magana ba su cika tambayar wanda kamfani ko gwamnati ta biya ya yi mata bincike wane ɓangare yake ba. Duk da haka akwai haɗari na gaske a nan, kuma Afirka ta Kudu ta nuna shi ƙuru-ƙuru.

A 1983, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, Eddie Webster ya kafa wata cibiyar nazarin ƙwadago a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Sabuwar ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai, NUM, wadda Cyril Ramaphosa ke babban sakatarenta, ta nemi a binciko mata dalilin yawan mutuwa a ramukan zinariya. Wani injiniya na cibiyar, Jean Leger, ya zauna da masu shiga ramin da kansu. Suka bayyana masa cewa dutse yakan yi ƙara kafin ya rufto, kuma tsohon ma'aikaci yana gane ƙarar, amma ba shi da ikon cewa a fita. Farar fatar da ke kansu kuwa ana ba shi kuɗin ƙari ne gwargwadon yawan dutsen da aka fasa, saboda haka tsayawa kafa tokara asara ce a wurinsa. Rahoton ya fito a 1985, ƙungiya ta rungume shi. A 1986 gobara ta kashe mutum 177 a mahaƙar Kinross, maganar ta ƙara ƙarfi. Dokar lafiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai ta 1996 ta ba ma'aikaci ikon barin wurin da ya ga haɗari.

A ƙarshen shekarun 1980 cibiyar ta sake wani bincike, wannan karon ba ƙungiya ce ta nema ba, a kan cutar ƙanjamau. Ya nuna cewa tsarin ci-rani da ke raba magidanci da iyalinsa wata da watanni, a tara maza zalla a bariki, yana tura su neman mata a kewayen mahaƙa, kuma ta nan cutar za ta yaɗu har ƙauyukansu. Shugabannin NUM suka fusata. A ganinsu wannan zai ba masu wariya abin faɗa a kan ɗabi'ar baƙaƙen fata, suka nemi kada a buga. Fargabarsu ba ta banza ba ce a ƙasar da ake neman kowace kafa a wulaƙanta baƙi. Amma binciken gaskiya ya faɗa. Aka yi ta ja-in-ja, aka sassauta lafazi, aka buga shi a wata mujallar ƙasar waje a 1991, inda masu shiga rami ba za su gani ba. Shekarun da suka biyo baya ƙanjamau ya yi mummunar ɓarna a ƙasar.

A nan iyakar take. Masani na iya barin jama'a su zaɓi tambaya, ya kamata ma ya bari. Amsa kuwa ba ta zaɓuwa. Idan ya ƙirga gidaje 40 ya rubuta 400 don a ji tausayin mutanensa, ranar da abokan hamayya suka gano, ƙungiyar ce za ta kwana a ciki, har gaskiyar da take da ita a daina saurara.

A Zariya

Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika, ya koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, yana sukar mulkin wariya da na soja ba ɓoye-ɓoye, har gwamnatin Janar Babangida ta kore shi daga Nijeriya a 1988. A jami'ar ce kuma aka yi wani taro a kan halin da mata ke ciki a 1982, wanda ya haifi ƙungiyar WIN mai haɗa bincike da fafutuka. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Ayesha Imam, masaniyar zamantakewa, wadda a 1996 ta jagoranci kafa ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata.

BAOBAB na cikin ƙungiyoyin da suka tallafa wa ɗaukaka ƙarar Amina Lawal, wata mata da kotun shari'a ta yanke wa hukunci a jihar Katsina. A 2003, wasiƙun nuna fushi na ta kwarara daga ƙasashen waje, Ayesha Imam da wata abokiyar aikinta suka fito suka roƙi masu aikowa su dakata. Dalilinsu shi ne wasiƙun na ɗauke da kurakurai, wasu ma da cin fuska ga addini, kuma hakan na iya sa mutane su taurare, wadda ake son taimako ta shiga ƙarin haɗari. Suka ce a bar lauyoyi su kawo hujja daga cikin fiƙihun Malikiyya a gaban alƙalai. A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Masu aiko wasiƙun nan da kyakkyawar niyya suka yi, amma ba su san wurin ba, ba su kuma tambayi waɗanda suka san shi ba.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida. Kowane rukuni ya zaɓi matsala ɗaya da ke damun unguwarsu ko ƙauyensu wadda za a iya ƙirgawa, kamar nisan wurin ɗebo ruwa, ko inda ake zubar da shara, ko gonakin da aka karɓa da alkawarin diyya. Ku zana taswirar wurin a babbar takarda, ku sa alama. Ku nemi dattawa biyu, namiji da mace, ku roƙe su labarin yadda abin yake a da, in suna da wata tsohuwar takarda ku nemi izinin dubawa, kada ku tafi da ita. Wajen rubutawa ku ware abin da kuka gani da idonku daga abin da aka gaya muku. Kafin ku kawo aji, ku koma ku karanta wa dattawan abin da kuka rubuta, ku ƙara duk gyaran da suka yi. A zama na gaba kowane rukuni zai faɗi abu ɗaya da ya gano wanda ya saɓa wa abin da yake zato.